Amsa kan maganin kashe zafin bakin Mama

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Tambayarki ta taɓa min zuciya, don duk wanda ya yi jinyar mai karɓar kemo, wato maganin ciwon daji, a zauren nan ya san gyambon bakin nan, har haɗiyar yawu sai da hawaye. Kin ce likita ya rubuta mata lidocaine mai kauri, kafin awa guda zafi ya dawo, ko za ki riƙa ƙara mata.

Don Allah kada ki ƙara. Lidocaine mai kauri mai kashi 2 cikin 100, kowace ml ɗaya tana ɗauke da mg 20. Iyakar babba mai ƙarfi ml 15 ne a lokaci guda, wato mg 300, ba a maimaitawa sai an cika awa 3, ba a wuce sau 8 a kwana. Iyaka ce wannan, ba wai dole a kai can ba. Tsohuwar da ta rame, ko mai ciwon hanta ko na zuciya, ƙasa da haka ya kamace ta, domin hanta ce ke wanke shi daga jini. Ga shi bakin da ya saluɓe ya fi lafiyayye saurin zuƙe magani. Abin da likitanta ya rubuta shi za ki bi, ki auna da sirinji, ban da cokalin kicin. Ta kurkure ta tofar, kada ta haɗiye sai likita ya ce.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu kemis da za su miƙo kwalba su ce a sha duk lokacin da ya yi zafi. Subhanallahi! Ba sa gaya wa mutum cewa idan ya taru a jini, sai kunne ya fara ƙara, jiri, gani dishi-dishi, magana ta harɗe, jiki ya hau rawa, daga nan jijjiga, bugun zuciya ya yi ƙasa. Da dare abin kan iya faruwa, mai jinya ta gaji, ta manta ƙarfe nawa ta bayar, tausayi ya sa ta sake. Ki ajiye takarda kusa da kwalbar, kina rubuta lokaci. Kika ga ɗaya daga alamun nan, ki dakatar, ku nufi asibiti da kwalbar a hannu.

Sai abinci. Idan maganin ya kai maƙogwaro, a jira awa guda kafin ci ko sha, don za ta iya ƙwarewa abinci ya bi hanyar huhu ba ta ji ba. Za ta iya tauna harshenta ma. Kunu ko shayi ki ɗanɗana da bakinki tukuna, nata ba zai ji ƙuna ba. Idan gyambon wuri biyu ko uku ne, ki tambayi likita ko a riƙa ɗiga shi da auduga a kansu kawai.

Tunda akwai jikoki a gidan, ki kulle kwalbar. Kada wata ta lakata ta shafa wa jariri mai haƙori, wallahi ya kashe yara, shi ya sa hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai tsanani a 2014. A 2018 kuma ta yi kashedi kan benzocaine, wani maganin kashe zafin baki, ga 'yan ƙasa da shekara 2, saboda yana hana jini ɗaukar iskar numfashi, leɓe da farce su koma shuɗi. Kada ki haɗa wa Mama shi da nata.

Tsakanin lokutan, ta kurkure da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a janye yaji da tsami. Ki koma wurin likita ki ce zafin ya fi ƙarfin maganin, akwai na sha da za su ƙara. Su leƙa bakin ko akwai farin abu kamar madara, wannan maganinsa daban. Zazzaɓi kuwa da ya kai digiri 38 ga mai kemo, ba a jiran gari ya waye.