Inci uku na kankare tsakanin rodi da gishiri

Ɗana, jiya da yamma ka tare ni da tambaya a bakin kwale-kwale, ban ba ka amsa mai gamsarwa ba saboda gajiya. Ka ce: "Maigida, me ya sa injiniya ya sa muka kwance kejin rodin nan gaba ɗaya don kawai biskit ɗin da muka ɗaura, wato 'yan guntayen da ke ba da tazara tsakanin rodi da allon zubin kankare, ya yi ƙanƙanta, bai kai inci uku ba? A Kano mun zuba ginshiƙai da tazarar inci ɗaya da rabi, har yau suna tsaye." Gaskiya ka faɗa, suna tsaye. Amma ƙafarsu ba a cikin ruwan gishiri take ba.

Ka san yadda ɗanyen siminti yake cin hannu kamar ruwan toka. Wannan kaifin ne yake yi wa rodi wata siririyar fata da ido ba ya gani, muddin tana nan tsatsa ba ta kama shi. Gishiri shi ne mai yaga fatar. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri, kuma kankare, duk taurinsa, yana da ƙofofi ƙanana da ruwa yake bi. Gishirin ba ya gaggawa. Shekara da shekaru yana kutsawa kaɗan-kaɗan har ya isa rodi. Daga ranar tsatsa ta fara, ita kuwa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki-ninki, sai ta riƙa tura kankare daga ciki. Za ka ga tsaga ta miƙe daidai layin rodi, jan ruwa na tsiyaya, sannan ɓawo ya ɓalle ya faɗa ruwa. To inci ukun nan, milimita 75, su ne nisan tafiyar da muka ɗora wa gishiri. Ka rage su, ka rage wa gada shekaru, ba kuma daidai da abin da ka rage ba: rabin tazara yana iya mai da lokacin isowar gishiri kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Ka lura da wani abu in mun wuce ƙarƙashin tsofaffin gadoji. Ba can ƙasan ruwa turke, wato ginshiƙin da ke ɗauke da gada, yake fara lalacewa ba. Tsatsa tana son ruwa da iska tare, a can ƙasa kuwa iska ta yi ƙaranci. Inda ruwa yake hawa ya sauka, da ɗan samansa inda igiyar ruwa take fantsama, nan ne wurin ciwo. Ya jiƙe, rana ta busar, gishiri ya zauna. Gobe a sake. Shi ya sa nake tsayawa da kaina duk ranar da za a zuba wannan gaɓar.

Tazara kaɗai ba ta isa ba in kwaɓin ya zama rariya. Na ga lebura yana ƙara ruwa a motar kwaɓa kankare don kankare ya yi saurin gangarowa, kada ka taɓa bari. A aikin teku ruwa ba ya wuce kusan lita 20 ga buhun siminti mai kilo 50. In ya yi tauri, akwai maganin da ake ɗigawa ya saki jiki ba tare da ƙarin ruwa ba. Ana kuma gauraya siminti da tokar gawayin tashar wuta ko garin dattin narka ƙarfe, suna toshe ƙofofin nan. Yashin bakin teku da ba a wanke ba, da ruwan lagun, haramun ne a kwaɓinmu, don ka kai gishiri gun rodi da hannunka ke nan. Poka, injin girgiza kankare, ta shiga ko'ina, kada a bar ramuka kamar saƙar zuma. Ban ruwa kwana bakwai aƙalla, da ruwan daɗi.

Ina saurayi na yi aiki a wata ƙaramar mashigar jiragen ruwa inda muka bar keji ya jingina da fanel, wato allon zubin kankare, ta gefe ɗaya, ba wanda ya duba. Bayan 'yan shekaru aka kira mu gyara. Gefen da ya jingina ya ɓare, rodi a fili, ɗaya gefen kuwa lafiya lau. Ni na ɗaura wannan kejin. Abin yana raina har yau.

Sai duba bayan an gama, wanda mutane suke sakaci da shi. Gadar Third Mainland da ke Legas, mai tsawon kilomita 11.8, an buɗe ta a 1990, kuma ka ji yadda ministan ayyuka David Umahi ya fito yana kokawa kan lalacewar turakunta da na gadar Carter a ƙarƙashin ruwa, har da ɓarnar masu haƙar yashi da suke kwashe ƙasar da ta riƙe su. Mota tana wucewa a sama, direba bai san abin da ke ƙasa ba. Dole masu nutso su sauka su karce kumbar teku da ta manne wa turaku su gani da ido, a kuma auna zurfin ƙasa a gindin kowane turke.

Abin da ke saman ruwa kuwa, guduma ce farkon na'ura. Lafiyayyen kankare yana amsawa da ƙara mai tsini, wanda ya rabu da rodi daga ciki yana amsawa kamar ganga. Injiniya zai huda ya ɗebi gari daga zurfi daban-daban a auna inda gishiri ya kai. Akwai kuma na'urar da ake jona wa rodi da waya. In ta nuna ƙasa da -350 milibolt, kusan tabbas tsatsa tana ci ko da fuskar turken sumul take. In an kama da wuri, ana sassaƙe ruɓaɓɓen wurin, a wanke rodi, a ɗaura masa dunƙulen zinki irin na jikin jirgin ruwa, tsatsa ta ci zinkin ta bar ƙarfe, sannan a yi wa turken riga a cika.

Gobe ruwa zai janye da sassafe. Ka zo da guduma da alli da littafin nan mai baƙar fata, mu fara daga turke na ɗaya. Kai za ka buga, ni in saurara, duk inda ya yi ganga ka zagaye shi ka rubuta lamba da kwanan wata.