Keken ƙarfe ɗaya zai iya kwalta da burji?

Ɗan'uwa, ka ce kana son keke ɗaya da zai kai ka aiki Sinnar daga Mai Wurno, a nan Sudan, ya kuma shiga hanyar gona, kana tambaya ko na ƙarfe zai yi. Zai yi, har ma shi nake ba ka shawara.

Babban dalilina gyara ne. In ƙarfe ya tsage, mai walda a kasuwa zai iya ɗinke maka shi. Alminiyam kuwa sai na'ura ta musamman, kuma ba lallai ya koma daidai ba. Ƙarfe ya fi nauyi, gaskiya ne, amma ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba za ka ji shi sosai ba. In ka ga an rubuta 4130 a jikinsa, mai kyau ne, irin ƙarfen da ake haɗawa da sinadarin kuromiyam.

Abin da nake so ka duba da idonka shi ne wurin taya. Ka nemi wanda zai ɗauki mai faɗin milimita 40 zuwa 45, da sauran fili. Baƙar lakar nan tamu da damina manne wa taya take kamar ƙullu. Na taɓa tsayawa bakin kwalbati ina ƙwaƙule ta da kara, ƙafar baya ta ƙi juyawa sam. Don haka in ruwa ya sauka, ka cire madigadi.

Ka tabbata akwai ramukan ɗaura kariya, wato wurin ɗora kaya, saboda buhu ko jarka. Ƙaya kuma, kada ka fita ba kayan faci da famfo. In fenti ya goge, shafa masa mai kafin tsatsa ta kama.