Tambayi Kawu: Baƙin zauren WhatsApp za su sauka Maraɗi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Ni ke shugabantar wani zaure na WhatsApp na masu sha'awar tarihin ƙasar Hausa. Mun daɗe muna hira ba mu taɓa ganin juna ba, sai bana muka tsai da shawarar haɗuwa a Maraɗi daga Juma'a zuwa Lahadi. Akwai masu zuwa daga Damagaram da Tawa da Yamai, har da Katsina da Kano. To ga gardama ta tashi. Wasu sun ce tunda sun biya kuɗin mota sai sun ga gari kaf, wasu sun ce su zumunci zai kawo su, a shimfiɗa tabarma kawai. Yaya zan yi?
Ɗanka, daga unguwar Zariya, Maraɗi.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sa a yi taro lafiya.

Idan sai na ɗauki gefe, ina bayan masu tabarma. Fadar Sarki tana nan ba inda za ta, tafkin Madarumfa ma haka. Amma mutumin Tawa da na Kano su samu hutu da kuɗin mota a mako guda, wannan ba kullum ba ne. Sai dai kada ka hana fita. Mutanen da suka saba da juna a waya kaɗai, in ka tara su a ɗaki ɗaya ka ce to a yi hira, bayan gaisuwa sai ka ga kowa ya sunkuya yana latsa wayarsa. Fitar ce ke buɗe baki.

Saboda haka fita ɗaya a rana ta isa, da safe, a dawo kafin azahar. Juma'a kuwa kada ka sa komai. Mutane za su iso a gajiye, a tafi masallaci, a ci abinci, kowa ya haɗa fuska da sunan da ya sani.

Asabar a je fadar Sarkin Katsinan Maraɗi. Ka aika tun da wuri a san da zuwanku, ba a faɗa wa fada da ayari haka kawai. Tunda ƴan tarihi ne, nan za ka ji daɗinsu. Bari wani ya tuna cewa bayan jihadi ya ci Birnin Katsina a 1807, gidan sarautar ya yi hijira, har Sarki Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi, ka ga yadda mutanen Katsina da na nan za su kaure da musu a kan wace ce Katsinar asali. Ka ƙyale su, abin da suka zo yi ke nan. A hanyar dawowa ka nuna musu gangaren gulbi, inda tsohon gari yake kafin ambaliyar 1945 ta sa aka hau tudu.

Za a matsa maka a haɗa Tsibiri, inda fadar Sarkin Gobir take, da Madarumfa a wuni ɗaya. Ka ƙi. Ba hanya ɗaya suke ba, kuma za ku ƙare a cikin mota. Ni zan zaɓi Madarumfa ran Lahadi da safe, ga waɗanda ba sa saurin komawa: a ziyarci kaburburan waliyyan nan da mutanen garin ke cewa 99 ne, a zauna bakin tafki a ci soyayyen kifi. Masu son Tsibiri da masu neman kilishi a babbar kasuwa ka haɗa su da ɗan gari guda su je da kansu, ba dole sai an tafi duka ba.

Wurin shiga mota ka buɗe ido. In ka bar su, Kanawa za su cika mota ɗaya, Damagarawa ɗaya, a je a dawo ba wanda ya san wani. Ka cakuɗa su. Wanda bai taɓa cewa uffan a zaure ba, sa shi kusa da sarkin surutu. Su biyun nan da suka taɓa yin cacar baki har ɗaya ya fice aka dawo da shi (kowane zaure na da irinsu), ka zaunar da su a kan kwano guda.

Babban zaman a yi shi bayan la'asar, a ɗora shayi irin na majalisar samari, a sha har na uku ba gaggawa. Na ce la'asar ne don ƴan'uwa mata, domin in aka kai shi dare yawancinsu ba za su samu zama ba, kuma su ma kuɗin mota suka biya. Kuɗin fita kuma a yi karo-karo tun kafin ranar, kada a tsaya gaban mota ana karɓa, mai ƙaramin ƙarfi ya ji kunya ya ce kansa na ciwo.

Ba ka faɗa mini watan ba. In Afrilu ko Mayu kuka sa, ku sake shawara ku mai da shi lokacin sanyi.