Na samu 304, 315 da 308 a gwajin GRE: wanne ne nawa?

Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Amurka, ina aikin kula da tsofaffi, kuma ina son shiga digiri na biyu a fannin kiwon lafiyar al'umma. Cikin wata guda na yi jarrabawar gwaji ta GRE, wato jarrabawar da wasu jami'o'i ke nema kafin shiga digiri na biyu, sau uku. Na farko na samu 304, na biyu 315, na uku na sauko 308. Ranar da na ga 315 har na kira Baba a waya na faɗa masa, yanzu kullum sai ya tambaye ni yaushe zan fara karatu. Wanne ne ainihin matsayina? In yi rajista ko in dakata?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya sa albarka a wannan niyya.

Kafin in ce komai kan lambobin, ina so ki tuna yadda kika yi kowane gwaji. Wa ya shirya shi? Hukumar ETS ce ke da jarrabawar GRE, kuma tana da nata gwajin mai suna POWERPREP, wanda akwai na kyauta a ciki. Shi ne ya fi kusa da abin da za ki tarar, domin masu rubuta jarrabawar ne suka rubuta shi. Kamfanonin koyarwa ma suna da nasu, suna da amfani wajen atisaye, amma ma'auninsu na kintace ne: wani ya tsananta, wani ya sassauta. Idan 315 ɗin nan daga irinsu ta fito, kada ki jera ta da sauran.

Sai kuma yanayin zaman. Tun watan Satumba na 2023 aka gajarta GRE ta koma ƙasa da awa biyu kaɗan, ba hutu a tsakiya: insha'i ɗaya na minti 30, tambayoyi 27 na harshe, 27 na lissafi. Kin zauna kin yi ta a jere? Ko kin tsayar da agogo kin amsa waya, ko kin tsallake insha'in don ki isa ga abin da ke ba da maki nan take? Mutane da yawa suna tsallake shi, alhali a ranar jarrabawa da shi ake farawa, kuma yana cin ƙarfin kai. Haka nan wanda ya dawo daga aikin dare ya buɗe kwamfuta, gajiyarsa ya auna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gwajin da kika yi wa kanki rangwame a cikinsa daɗin zuciya kawai zai ba ki.

In har duka ukun sahihai ne, to matsayinki yana tsakaninsu, wajen 308 ko 309, kuma hawa da saukar maki biyu ko uku a kowane ɓangare, na harshe ko na lissafi, abu ne da aka saba gani ko da ilimin mutum bai canza ba. Akwai dalili a ginin jarrabawar kanta. Kowane ɓangare kashi biyu ne, kuma ƙoƙarinki a kashin farko mai tambayoyi 12 ne ke tantance wahalar kashi na biyu mai 15. Kuskure biyu na gaggawa a farko na iya tura ki kashi mai sauƙi, inda ko kin amsa kusan duka, makin da za ki iya kaiwa yana da iyaka. Shi ya sa ƙirga yawan amsoshin daidai kaɗai ba ya bayyana komai.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne jimla kika aiko. Jami'o'i suna ganin makin a rarrabe: harshe daga 130 zuwa 170, lissafi ma haka, insha'i daga 0 zuwa 6. Mai 160 a harshe da 148 a lissafi, da mai akasin haka, duka 308 gare su, amma sashen da ke koyar da ƙididdigar cututtuka ba zai kalle su da ido ɗaya ba. Ki kuma duba kason da ke gefen makin, wanda ke nuna mutum nawa cikin ɗari kika wuce. Maki 160 a harshe ya ɗora ki sama da mutane masu yawa fiye da yadda 160 a lissafi zai yi, saboda masu cin lissafi da kyau sun yi yawa.

Yanzu ki ɗauki littafi, ki koma kan duk tambayar da kika faɗi a gwaje-gwajen uku, har da waɗanda kika ci da canki-canka. Gefen kowace ki rubuta dalili: ban san abin ba, na sani amma ban karanta tambayar da kyau ba, ko lokaci ne ya ƙure. Maganin ukun nan daban-daban ne. Na farko karatu yake so, na biyu natsuwa, na uku sabo da agogo da koyon barin tambaya mai cin lokaci a dawo mata daga baya. Kada ki bar gurbi ba amsa, GRE ba ta rage maki don kuskure. Mu da Turanci ba harshen uwa ba ne gare mu, sau da yawa dogayen nassoshin karatu ne ke cinye mana lokaci, mu kuwa mu duƙufa haddar kalmomi. Littafin nan zai nuna miki ko haka abin yake a wajenki.

Batun rajista kuwa, fara buɗe shafin kowace jami'ar da kike nema. Sassa da yawa sun daina neman GRE ko sun mai da ita zaɓi, wasu kuma suna wallafa matsakaicin makin ɗalibansu. In suna nema, ki ƙirga baya daga ranar rufe karɓar takardu, ki bar wa kanki sararin zama na biyu: ana iya maimaitawa bayan kwana 21, har sau biyar cikin wata 12, makin yana aiki shekara biyar, kuma ke za ki zaɓi na zaman da za a aika. Ki ajiye gwajin ETS guda da ba ki taɓa buɗewa ba, ki yi shi mako biyu kafin ranar, a daidai sa'ar da za ki zauna ta gaske, ranar da ba ki yi aikin dare ba.

Shi kuma Baba, ki faɗa masa gaskiya cewa wancan atisaye ne, ta gasken tana gaba, bayanta kuma akwai neman gurbi da jiran amsa na watanni. Ki ba shi watan da kika tsayar, ki roƙe shi addu'a.