Idan pip ya ce laburare biyu sun yi karo

Malam, ka ce pip, mai girka laburaren Python (tarin lambobin manhaja da aka riga aka rubuta), ya ƙi girka maka manhajar: wani laburare yana son sigar NumPy (laburaren lissafi na Python) ƙasa da 2, wani kuma sai 2 zuwa sama. Tun fitowar NumPy 2.0 a Yunin 2024 ake fama da wannan, domin an gina laburare da yawa a kan na 1.

Don Allah kada ka tilasta shi da --no-deps, zaɓin da ke sa pip ya girka laburare ba tare da waɗanda ya dogara da su ba. Zai shiga, amma ya watsa maka ƙasa a ido ana tsakiyar aiki. Ware wa aikin muhallinsa da python -m venv, ka girka dukansu a umarni ɗaya, pip ya nemo sigar da kowa zai yarda da ita. In babu, sabunta tsohon laburaren, sannan ka yi amfani da umarnin pip check don tabbatar da cewa ba su yi karo ba.