Tambayoyinku: Wace Jar Giyar Inabi Ta Dace da Jerin Gidan Abinci?

Tambaya: Ni ne mai kula da wani ƙaramin gidan abinci. Muna sayar da gasasshen naman sa, kaza, kifi da taliya mai miyar tumatir. Dillali ya turo mini sunayen jar giyar inabi sun fi talatin, alhali gurbi huɗu kawai nake da shi a jerinmu. An ce in cika su da Cabernet Sauvignon tunda ita kowa ya sani. Haka ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ajiye takardar dillalin nan tukuna ka shiga kicin. Abin da kukunka yake dafawa shi zai zaɓar maka giya. Abu biyu ne ke raba jar giya da 'yar'uwarta a baki: ɓauri da tsami. Ɓaurin nan daga ɓawon inabi da ƙwayarsa yake fitowa, masana suna ce masa tanin. Shi ne abin da kake ji idan shayi ya daɗe a buta, harshe ya bushe, dadashi ya kama.

Cabernet Sauvignon inabi ne mai kaurin ɓawo, don haka ɓaurinta da yawa. Gidanta yankin Bordeaux ne a Faransa, kuma a 1997 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka tabbatar cewa ta fito ne daga barbarar Cabernet Franc da Sauvignon Blanc. Da nama mai kitse ba ta da na biyu, domin kitse da furotin suna kwantar da ɓaurin. Amma ka haɗa ta da kifi mai maiƙo, sai kwastoma ya ji kamar ya lashi ƙarfe. Ka haɗa ta da abinci mai yaji, ɓauri da barasa su ƙara wa yajin wuta. To ka ga gurbi ɗaya ya ishe ta.

Gurbin da ya fi muhimmanci shi ne na giyar da za a riƙa sayarwa kofi-kofi, kuma nan muka fi so ka daɗe kana tunani. Ana son mai laushi wadda za ta bi da nama ta bi da kaza, wadda wanda bai saba ba ba zai yamutsa fuska ba. Merlot ta cika wannan sharaɗi, haka Malbec ta Mendoza a Ajantina. Malbec asalinta kudu maso yammacin Faransa ne, an kai ta Ajantina a ƙarni na 19, can ta yi suna. Mu dai Malbec muke fifitawa ga gidan da gashi ya yi yawa, saboda tana da jiki kuma ɓaurinta bai kai na Cabernet ba. Yi lissafin da kyau: kwalba mililita 750 ce, in kana zuba 150 kofi biyar ke nan, in 125 ne kofi shida. Ka sayi kofuna masu layin awo, don in ma'aikaci yana zubawa da ido, kofi biyar kan koma huɗu, ribar kwalbar kuma a kofin ƙarshen take. Kwalbar da aka buɗe kwana biyu zuwa uku take yi kafin iska ta kashe ta, ko da an toshe an sa a firji. A rubuta ranar buɗewa a jikinta. In har ba ka ƙarar da kwalba cikin kwana uku, wannan giyar ba ta kofi ba ce, mayar da ita ta kwalba.

Taliya mai miyar tumatir tana son giya mai tsami, in ba haka ba tsamin tumatir ya danne ta ta zama salam. Sangiovese ce maganin wannan, inabin da ake yin Chianti da shi a Tuskani ta Italiya.

Saura kifi da kaza. Nan Pinot Noir ake kira, mai siririn ɓawo da ƙarancin ɓauri, 'yar yankin Burgundy a Faransa. Sai dai inabi ne mai wuyar noma, mai arharta sau da yawa ruwa-ruwa ce ba armashi. In kuɗinka bai kai mai kyau ba, ɗauki Gamay ta yankin Beaujolais, shi ma a Faransa, za ta yi aikin ba tare da ta ba ka kunya ba.

Kada ka sayi katan mai kwalba 12 sai ka ɗanɗana. Nemi dillali ya kawo kwalba ɗaya-ɗaya, kuku ya dafa abinci uku da suka fi fita, ku zauna da masu kai abinci tebur ku gwada kowace da kowane. Su ne za su amsa tambayar kwastoma, gara su san abin da suke faɗa. Ka kuma tambayi dillalin ko zai iya kawo irinta duk shekara, don babu takaici kamar buga jeri yau, wata mai zuwa a ce ta ƙare.

Mutane da yawa suna zaɓa daidai su ɓata a wurin ajiya. Zafi ne babban makiyin giya. Ajiye ta kusa da digiri 13 a ma'aunin Salshiyas, cikin duhu, nesa da murhu, a kwance in marfinta na ɓawon itace ne don kada ya bushe iska ta shiga. In ka ga marfi ya turo kai ko giya ta tsiyayo ta gefensa, zafi ya dafa ta, kada ka karɓa. Wajen kaiwa tebur, Pinot Noir da Gamay suna son digiri 12 zuwa 14, Cabernet da Malbec 16 zuwa 18. In ɗakin da ɗumi, minti 20 a firji ya wadatar.

In kwastoma ya ce kwalba tana warin jiƙaƙƙen kwali, kada a yi masa musu. Wani sinadari ne da ake kira TCA, yawanci daga marfi yake shiga. A canja masa nan take, a mayar da marfin, a ajiye kwalbar a nuna wa dillali, shi ya sa tun ranar ciniki ya kamata ku daidaita cewa zai karɓi irin wannan ya musanya.