Amsa kan auna matsi a jikin gini ta hanyar haske

Malam, ka tambaya ko dabarar fotoilastisiti, wato auna matsi ta hanyar haske, tana da sauran amfani yanzu da kwamfuta ke lissafa matsin da ke cikin ginshiƙai da gadoji. A ganina tana da shi, musamman wajen tabbatar da lissafin kwamfutar.

Masanin kimiyya David Brewster ne ya lura, a wajajen 1816, cewa gilashin da aka matsa yana raba haske gida biyu masu gudu daban-daban. Injiniya yakan sassaƙa ƙaramin samfurin ginin da roba mai haske, ya ɗora masa nauyi, sannan ya sanya shi tsakanin matatan haske guda biyu, sai layuka masu launi su bayyana. Kowane layi yana nuna bambanci tsakanin matsi mafi girma da mafi ƙanƙanta a wurin, kuma inda layukan suka cunkushe, kamar gefen rami ko lungun kusurwa, nan tsagewa take farawa. A gefen rami zagayayye matsin yakan ninka har sau uku.

Sai dai roba ba kankare ba ce, domin ba ta tsagewa yadda kankare yake yi, don haka kada ka dogara da samfurin shi kaɗai wajen ƙayyade yawan rodi.